Alƙali Mamuda da Kujerar Karimatu

An ce wai a wata shekara wani jirgin sama ya tsaya a Kano yana lodin fasinjoji zuwa Alƙahira, a cikin ma'aikatansa kuwa akwai wata budurwa mai suna Shafa'atu, wadda ta san ƙa'idojin kamfaninsu kamar yunwar cikinta. Bahaushiya ce, amma a Legas ta tashi, saboda haka akwai abubuwa na gida da ta sani da kunne kawai, ba ta taɓa ganinsu da ido ba.

Tsarin kamfanin a kan kujeru shi ne, wanda ya ƙara kuɗi a kan tikitinsa ya zaɓi inda yake so, wanda bai ƙara ba na'ura ta ajiye shi duk inda ta ga gurbi. Ita na'ura ba ta san uwa ba, ba ta san ɗa ba, lamba kawai ta sani. In uwa ko uba suka nemi a haɗa su da ƙaramin ɗansu, ma'aikaci yana iya roƙon wani fasinja ya canza wuri, amma ba shi da ikon tilasta wa kowa. Shafa'atu ta daɗe tana ganin wannan tsari ba shi da aibu, sai ranar da ya ƙi yi mata aiki.

A ranar, na'ura ta jefa wata yarinya 'yar shekara bakwai mai suna Karimatu can gaba, a jikin taga. Uwarta Sahura da kakarta Inna Dubu, wato uwar mijin Sahura, ta haɗa su a can ƙurya, kusa da banɗaki. Mutanen wani ƙauye ne daga wajen Kazaure, ba wanda ya gaya musu ana sayen kujera bayan an sayi tikiti. Yarinyar tana da ciwon zuciya, aiki za a yi mata, ubanta ya riga su tafiya don ya shirya maganar asibiti. Likita ya gaya musu gaskiya tun a gida, cewa irin wannan aiki wani yakan tashi, wani ba ya tashi.

Da Karimatu ta ga an zaunar da ita cikin baƙi, an ɗaure ta da bel, sai ta fashe da kuka tana kiran Adda, sunan da take kiran uwarta da shi ke nan. Tun kukan yana fita har ya koma shessheƙa, numfashinta ya fara sarƙewa, leɓɓanta suka soma canza launi. Matuƙi ya aiko cewa shi ba zai tashi da yarinya a wannan hali ba, ko ta natsu, ko a sauke su su ukun. In kuwa aka sauke su, ranar aikin ta wuce.

Shafa'atu ta yi sauri ta tafi baya, ta durƙusa gaban Sahura ta ce, "Baiwar Allah, kina so a haɗa ki da 'yarki?"

Sahura ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "A'a, ba komai. Ko ina yarinyar ta zauna daidai ne."

Shafa'atu ta yi tsammanin kunnenta ne. Ta sake tambaya, ta sake samun amsa iri ɗaya. Ranta ya ɓaci, ta ce a zuciyarta wannan wace irin uwa ce. Ta juya ga tsohuwa ta ce, "Inna, ko ke za ki taimaka ki koma gaba, a kawo yarinyar nan wurin?"

Inna Dubu ta ce, "Ba inda za ni, 'yar nan. Inda aka ajiye ni nan zan zauna. In yarinyar ce a kawo min ita cinyata."

Shafa'atu ta ce doka ta hana, kowa sai da kujerarsa. Sahura kuwa ta yi maza ta ce, "A bar Inna don Allah, kada a tashe ta."

Sai Shafa'atu ta koma gaba wurin matar da ke zaune kusa da Karimatu, wata 'yar kasuwa mai sarin abaya, ana ce mata Hajiya Tabawa. Matar ba muguwa ba ce, tun ɗazu take lallashin yarinyar da dabino, yarinyar tana turewa. Amma da aka ce ta koma baya sai ta girgiza kai. Nan fa fasinjoji suka yi mata caa, wannan ya ce ba ta da imani, wancan ya ce kuɗi ya rufe mata ido, har da waɗanda in su aka ce su tashi ba za su motsa ba.

Hajiya Tabawa ta ce, "Ni na raba su? Ku tambayi kamfani mana! Gwiwar nan tawa ba ta lanƙwasuwa, shi ya sa na biya na zaɓi bakin hanya inda zan miƙe ƙafa. In na shiga wancan lungun, sai dai a ɗauko ni a Alƙahira. Kuma ita uwar, ba da bakinta ta ce ba ta bukata ba?" Ba ƙaramin abu ba ne jirgi guda ya taru a kan mutum ɗaya.

Shafa'atu ta tsaya tsakiyar hanya, ta rasa abin da ke mata daɗi. Uwa ba ta nema ba, kaka ta ƙi tashi, mai kujera tana kan gaskiyarta, ga yarinya tana neman shiɗewa. Duk abin da aka koya mata ta yi, ya ƙare.

Ana cikin haka wani fasinja ya ce, "Jama'a, muna ta hayaniya, ai ga Alƙali Mamuda nan a cikinmu." Wani dattijo ne siriri mai farin gemu, ya daɗe da barin aiki, za shi duba idonsa. Tun da aka fara rigimar kallo kawai yake yi. Shafa'atu ta je ta rusuna ta ce, "Allah ya gafarta malam, ka taimake ni."

Alƙali ya ce, "'Yata, nan ba kotu ba ce, ni ma baƙo ne kamar kowa. Amma in duk sun yarda za su karɓi abin da na faɗa, zan faɗa." Aka ce an yarda.

Ya tashi ya dogara sandarsa har ƙuryar jirgi. Ya dubi Sahura ya ce, "Yarinyar can taki ce?" Sahura ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ba ta amsa ba. Inna Dubu ce ta amsa, ta ce, "Tawa ce, malam. Ni na raine ta tun daga yaye. Amma butulun, tun da ciwon nan ya kama ta ba ta da magana sai Adda." Alƙali ya yi murmushi, idonsa ya sauka kan hannun tsohuwar, ya ga ta damƙe gefen zanen surukarta tamau, kamar mai tsoron a ƙwace mata shi. Bai ƙara tambayar komai ba.

Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba, amma jirgin ya yi tsit har na gaba suna ji.

Ya ce, "Hajiyar da ke gaba ta sayi wurinta da halalinta, kuma tana da uzuri a jikinta. Ko da ba ta da uzuri, abin da mutum ya mallaka roƙonsa ake yi, in ya bayar a gode masa, in ya hana ba a zaginsa. Wanda ya gaya mata baƙar magana ya nemi gafararta. Ita kuma wannan baiwar Allah an tambaye ta, ta ce ba ta neman komai. Na karɓi maganarta, kada wanda ya sake tambayarta."

Shafa'atu ta waiwaya ta hango yarinyar. Ta ce a ranta shi ke nan, dattijo ya wanke kowa ya bar yarinya.

Alƙali ya ci gaba, fuskarsa a ɗaure. "Amma akwai zalunci ɗaya a jirgin nan da ba wanda ya kawo ƙararsa, shi kuwa ba zan yi shiru a kansa ba. A wane gari aka taɓa shimfiɗa wa jika a gaba, a bar kaka a bakin banɗaki? Dattijuwa kamar wannan, kowa ya zo wucewa ya buge ta da gwiwa, ita kuwa 'yar ficiciyar can ta hakimce a jikin taga kamar ita ta haifi kowa! Na yanke hukunci a kan yarinyar. A tashe ta daga wurin nan, a mayar da ita baya inda yara suke zama, a kai Iya gaba inda ya dace da ita. Ba roƙonta nake yi ta tashi ba, hakkinta ne aka danne, nake mayar mata."

Sannan ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Hajiya, na ga alama kin saba da hanyar nan. Ga uwa na kawo miki, wannan ne hawanta na farko. Za ki riƙe min hannunta har mu sauka?"

Hajiya Tabawa, wadda ta gama cika tana jiran a ce ita ce mai laifi, sai ta share ido da gefen gyale ta ce, "Wallahi ranka ya daɗe, a kawo ta. Ko a bayana ne na goya ta."

Inna Dubu ta daɗe tana kallon alƙali. Daga nan ta juya ta kalli surukarta, ta ga yadda ta dunƙule hannuwa a cinya har jijiyoyi sun fito, ta ga gefen mayafinta ya jiƙe. Tsohuwa ce, ita ma ta taɓa yin 'yar fari, ta taɓa zama gaban uwar miji. A hankali ta saki zanen da ta riƙe.

Ta miƙe tana gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Gaskiyarka malam, da ma yarinyar nan ta raina ni. Ke Sahura, ga amanata nan za a kawo miki. Ki riƙe min ita da kyau, in na ji kukanta ke zan tuhuma." Ta yi taku biyu, ta tsaya ba tare da ta juyo ba, ta ƙara da cewa, "Ni kuma wuyana ciwo yake yi kwana biyun nan, ba na iya waiwaye."

Sahura ta ce, "To, Inna."

Shafa'atu ta kwance wa Karimatu bel, ta ɗauko ta, ta ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta zaunar da ita kusa da uwarta ta ɗaure ta. Yarinyar ta kifa kai a jikin Sahura, shessheƙar ta fara raguwa, numfashi ya dawo daidai. Aka gaya wa matuƙi, aka rufe ƙofa, jirgi ya ɗaga. A can gaba Inna Dubu ta runtse ido tana ta salati, Hajiya Tabawa tana riƙe da hannunta tana gaya mata ai yanzu za a daina jin ƙarar.

Da jirgi ya daidaita a sama, Shafa'atu ta turo keken abinci, ta iso ƙurya, sai ta tsaya cak. Sahura ta buɗe mayafinta ta lulluɓe kanta da yarinyar gaba ɗaya. Ta rungume ta iyakar yadda bel ya bari, tana shafa kanta, tana sunsunar wuyanta, hawaye na zuba, tana faɗa ƙasa-ƙasa, "Karimatu. Karimatuna." Tana maimaitawa kamar mai tsoron lokaci zai ƙure mata. Shafa'atu ta ja keken da baya ba tare da ta yi motsin da za a ji ba.

Ta je wurin alƙali ta durƙusa, ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni fa na zaci ba ta son 'yar. Kuma abin da ka sa aka yi, shi na fara nema aka ƙi."

Alƙali ya ce, "'Yar fari ce, 'yata. A wurinsu uwa ba ta kiran sunanta, ba ta nuna tana so, balle a gaban uwar miji. Da kin tambaye ta sau ɗari, a'a za ta ce, ko da zuciyarta tana tsagewa. Ke kin roƙi tsohuwa ta tashi don surukarta ta zauna da 'yarta, wannan kuwa ba mai iya amsa shi a cikinsu. Ita tsohuwar ga tsoron jirgi, kuma ba za ta faɗa ba. Na ga ba kujera kaɗai yarinyar nan take bukata ba, tana bukatar a kawar da idon da ke hana uwarta taɓa ta. Ni ban yi komai ba, tsohuwar ce ta gane, ta ƙarasa."

Shafa'atu ta miƙe a hankali. Mamaki ya cika ta, da kunyar zargin da ta yi wa matar a zuci. Ta dubi dattijon da ke tafiya neman maganin ido, ta ga duk jirgin ba wanda ya kai shi gani.

Masu ba da labarin ba su faɗi yadda aikin Karimatu ya ƙare ba, don Shafa'atu ba ta sake ganinsu ba bayan sun sauka. Abin da ta sani shi ne, tun daga Kano har Alƙahira yarinyar tana jikin uwarta, kuma Inna Dubu ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.

Doka tana jin wanda ya yi magana, ta ba shi hakkinsa, kuma hakan daidai ne. Amma adalci ba ya cika sai an sami mai jin wanda kunya ta hana shi roƙo, ya biya masa bukata ba tare da ya sa shi ya roƙa ba, kuma ba tare da ya ƙwace na wani ba.