Azumin Garba Lebura

Akwai wani ɗan kwangila a Madabo mai suna Nasir, wanda ya samu aikin titin wani ƙauye a bayan Kano. Ba mugu ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da ba su san kuɗin cefane ba, su dai a ajiye musu kwano su buɗe.

Cikin leburorinsa akwai Garba, magidanci mai 'ya'ya biyar. Kullum in aka tashi cin abincin rana, sai ya koma gindin darbejiya ya zauna. In an yi masa tayi ya ce, "Azumi nake."

Litinin azumi, Talata azumi, ga tura baro cikin tsakar rana. Nasir har suna ya sa masa, Waliyyi. Da leburori suka nemi ƙarin kuɗi, da shi ya kafa musu hujja. "Ku yi koyi da Waliyyi mana, kun taɓa jin ya yi ƙorafi?"

Ran Juma'a yana ba mahaifiyarsa Hajiya Ruƙayya labarin cikin alfahari, sai ta katse shi.

"Nawa kake ba shi a wuni?"

"Dubu uku, Hajiya. Kamar yadda aka saba."

"Tun yaushe aka saba?"

Ya lissafa, shekara uku ke nan. Ta kwance bakin zani ta miƙa masa dubu uku. "Je ka Ƙofar Mazugal ka yi min cefanen mutum bakwai. Da ƙafarka, ban ce ka aika ba."

Ya tafi yana dariya. Ya auni masara, ya sayi ɗan ƙullin manja, kuɗi suka ce ga garinku. Ko kuɗin niƙa bai rage ba, balle kuka da daddawa. Ya dawo da leda ɗaya, ya kasa haɗa ido da ita.

Washegari ya sami Garba a gindin darbejiyar. "Malam Garba, don Allah gaya min gaskiya. Azumin nan na mene ne?"

Garba ya sunkuyar da kai, kamar shi ya yi laifin.

"Yallaɓai, in na ci a nan, yara ba za su ci a gida ba. Da na ga yunwar ba makawa, sai na ce gara in ɗaura niyya, ko na samu lada."

Kunya ta rufe Nasir. Wata huɗu yana yabon yunwar mutum, har yana yi wa wasu gori da ita. Ranar ya ƙara kuɗin kowa, ya sa a riƙa dafa abincin rana a wurin aiki. Bai sake kiran Garba Waliyyi ba, bakinsa ba ya iya faɗa.

Darasi: Shirun ma'aikaci ba ƙoshi ba ne. Kafin ka yabi haƙurinsa, ɗauki abin da kake biyansa ka shiga kasuwa. Ku tura wa duk wanda ake aiki a ƙarƙashinsa.