Yadda Kirari Ya Raba Barmo da Idon Ruwa

Tun dajin arewa bai san turken iyaka ba, tun giwa na kiwo inda yau ake shuka gyaɗa, aka yi wani maharbi mai suna Barmo. Barmo na Gwamma, baƙin dafi, mai kwana inda kura ke sauya hanya! Gwamma yayarsa ce. Ita ta goye shi, ita kaɗai ke ce masa zauna ya zauna.

Wata bazara da rijiyoyi suka ƙafe, ya ɗana wa gwanki kibiya, sai ya ga ɗanyar laka a kofatonsa. Ya sauke baka, ya bi sawu har cikin waɗansu duwatsu, ya tarar da idon ruwa yana ɓuɓɓuga, garai-garai. Tsofaffi sun ce gwankin ya waiwayo ya ce: "Sha, ka kawo naka su sha. Amma ruwan nan ƙafa ke nuna shi, ba baki ba. Ran da ka faɗi hanyarsa, ya bar hannunka."

Barmo ya kafa tunga a bayan duwatsun. Waɗanda yaƙi ya koro suka taru, aka yi noma, aka ɓoye gero a kogo. Duk wanda zai san ruwan, sai a kama hannunsa a kai shi, ba a ce uffan.

Ana nan sai Nasara suka ɓullo, Faransa ta arewa, Ingila ta kudu, kowa na son ya ja layi ya ce nan nawa ne. Amma soja ba ya ratsa daji sai ya san inda raƙuminsa zai sha, da inda hatsi yake, da yawan masu baka. Sai suka baza 'yan leƙen asiri.

Na farko ya zo da jakunan kanwa, ga shi ko mangala bai iya ɗaurawa ba. Barmo ya rantse masa cewa su raɓa suke sha, ya ba shi ƙwarya ya tura shi cikin ciyawa da sassafe. Na biyu ya zo da rawanin malanta yana neman ruwan alwala. Barmo ya yi ta zagaya da shi cikin sarƙaƙiya har rigar ta koma tsumma, sannan ya nuna masa ramin dila ya ce, "Ayya Malam, ya ƙafe jiya-jiyan nan."

Garin ya sha dariya, ban da Gwamma.

"Kai Barmo," in ji ta, "ba mai tambaya nake tsoro ba. Bakinka nake tsoro."

"Haba Yaya! Ni da na sa ƙato lasar raɓa?"

Na ukun bai tambayi kowa komai ba. Sunansa Mantau, makaɗin garaya ne, garayar da ake yi wa maharba kiɗa. Ya ci tuwon gidan Barmo, ya sha ruwan randa bai ce daga ina ba, ya zauna har ranar buɗar dawa, ran da maharba ke taruwa kafin a shiga farautar shekara.

To, maharba na da doka. In aka kaɗa takenka, dole ka miƙe ka yi kirari, kuma gaskiya zalla, don wanda ya yi ƙarya a kirari dafinsa ya mutu. Mantau ya bi maza ɗaya bayan ɗaya yana zuga su. Da ya zo kan Barmo sai ya sassauta kiɗa, ya rera a hankali: "Barmo mai ruwa, haka ake cewa. Amma ni a hanya na ji wata tsohuwa mai neman itace ce ta tsinci ruwan, shi ya bi bayanta da tulu."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Jikin Barmo ya ɗauki tsuma, ya yi tsalle ya dira tsakiyar fili.

"Wace tsohuwa? Ni ne Barmo ƙanen Gwamma! Ni na bi gwanki ta gindin kuka mai tsage! Ni na bar dutsen ungulu a hagu, na sunkuya ta ƙofar da sai raƙumi ya durƙusa! Ni na cika kogon gabas da gero! Wa ke tsaron mashigar in ba ni da 'yan tsirarun nan ba? A faɗa!"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Gwamma. Mantau ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya, kiɗa ya mutu.

Samari suka kai hannu ga wuƙa suka yi kan Mantau, Barmo ya tare su. Makaɗin da ya kaɗa takenka ba a taɓa shi, sallamarsa ake yi. Da hannunsa ya miƙa wa Mantau cinyar barewa, ya raka shi bakin gari.

Kafin ruwan farko ya sauka, sojojin Faransa suka iso. Ba su yi ɓatan kai ko taki ɗaya ba. Raƙuma suka durƙusa a ƙofar, suka sha, suka yi kashi a bakin ruwan. Aka kwashe geron kogo, aka ɗora wa mazan garin a ka, aka tasa ƙeyarsu arewa, har da Jatau, ɗan Gwamma tilo, magidanci mai mata da goyo. Daga baya manyan Nasaran biyu suka zauna a inuwa suka daidaita, aka kafa turken ƙarfe tsakanin tunga da duwatsu. Ruwa ya faɗa arewa, masu ruwa suka faɗa kudu.

Barmo ya tafi sansanin Faransa neman a sako Jatau. A ƙofar tanti ya tarar da tafinta da jar hula, sai ga shi Mantau ne.

"Mantau, ka ci tuwona."

"Na ci, Baba, da daɗi kuwa. Amma tsakani da Allah, na tambaye ka wani abu? Ni kiɗa na yi, kai ka yi magana. Bature ya ce ka koma bayan turke."

Ya koma. Ya tarar da Gwamma zaune tana fuskantar hanyar da aka bi da ɗanta. Ba ta ɗago ba.

"Ga fili nan," ta ce. "Yi masa kirari ya dawo."

Jatau bai dawo ba, kuma daga ranar ba a ƙara jin muryar Barmo ba. Ya karya bakansa, ya ɗauki dagi, ya yi ta haƙa a gefen gari shi kaɗai har ya cim ma ruwa. Zartsi ne, mai ɗaure harshe.

Ita ce Rijiyar Bebe, tana nan a Tungar Barmo, mai gardama ya je ya ɗanɗana. Har yau ba a kaɗa garaya a garin. Ranar buɗar dawa sai maharbi ya fito fili, ya ɗaga baka sama, ya koma ya zauna bakinsa a rufe. In makaɗi ya sauka, sai a tarbe shi da fara'a, a cika masa ƙwarya da ruwan rijiyar, a tsaya a kansa sai ya shanye.