Bunsuru Ya Je Gaida Surukai a Tsaye

An yi wani Bunsuru mai son a gan shi, ko tari zai yi sai ya jira taro. Yana da aboki Damo, tsohon ɗan acaba, mai haƙuri.

Shekara biyu Bunsuru yana neman auren Kyalla, wata 'yar akuya ta Unguwar Tsamiya, yana sonta kamar ya mutu. Ran nan waliyyinta, Kawu Rago, ya aiko ya zo a gan shi. Bunsuru ya zuba babbar riga mai sitati, ya hau sabon babur, ya goya Damo da ƙullin goro.

Hanyar kuwa gargada ce, sai jijjiga suke. Damo ya ce masa ya taka matakan ƙafa ya ɗan ɗaga daga kujera, gwiwa a lanƙwashe, har su wuce ramukan.

Ai kuwa ya ɗaga, jijjiga ta ɗauke. Sai ya ga kansa ya zarce karan dawa, 'yan gona na ɗago masa hannu. Wayyo daɗi! Gogan naka ya miƙe ƙyam.

"Zauna haka nan, ramuka sun ƙare," in ji Damo.

"Kai dai baƙin ciki kake, don kai gajere ne."

"Mun kusa gidan surukai fa. Daga nesa ake sauka, a tuɓe takalmi a durƙusa."

"Su fara ganina tukuna."

Ya murɗa totur, ya saki hannu biyu yana saɓa riga. Iska ta cika ta fam kamar buhu, ta rufe wa Damo fuska. Bunsuru har da waƙa.

Ga Kawu Rago da dattawa zaune kan tabarma a ƙofar gida. Bunsuru ya lalubi birki, ina, ƙafa ta sandare, hannu na cikin riga. Haka ya ratsa tsakiyarsu a tsaye, yana kallon rawunansu daga sama, yana cewa, "Barkanku da hutawa!"

Dattawa suka watse, butoci suka tarwatse. Damo ya diro. Babur da mai shi suka zarce cikin kududdufin bayan gida, tsulum. Kyalla na leƙe ta katanga, dariya har da hawaye.

Aka tsamo shi, kainuwa a ƙaho. Sai yanzu ya tuna da durƙuso, ya zube yana ɗigar taɓo.

Damo ya ajiye ƙullin goro gaban dattawa. Kawu Rago ya karkaɗe rawaninsa, ya tura wa Damo ƙullin goron. Ya ce, "Mayar masa. Mun riga mun amsa gaisuwarsa ta farko, ita ce ta gaskiya. Ba mu da 'yar da za mu ba shi."

Bunsuru ya tura babur har gida yana kuka, don wallahi yana son Kyalla.

Darasin wannan labari shi ne, in an koya maka dabara don ka wuce wahala, kada ka mai da ita abin burga. Wanda ya ɗaga saboda rami, ya zauna in rami ya wuce.