Ranar da Dutsen Fyam Ya Yi Atishawa

Dalilin da ya sa Dutsen Fyam ba shi da tsini, sai wani kwarmi cike da ruwa a tsakar kansa, ga baƙaƙen duwatsu masu huji-huji warwatse a gonakin mutane, ku matso ku ji, yara.

A da can dutsen nan kansa tsini gare shi kamar malafa, da ɗan baki a gefe mai fitar da hayaƙi. Mutanen da ke zaune a jikinsa ba su san sanyi ba, accarsu ma a ramukan dutsen suke dafawa. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk matafiyin da zai ƙetare sai ya ɗanɗana wa dutse abin da ya ɗauko.

Ran nan sai ga Jatau, wani bafatake daga Zazzau, da jakinsa da mangalar dakakken barkono. Jarinsa ke nan kaf. Kasuwa kuwa tana bayan dutse, ba wata hanya sai wannan.

Kaka Nanret, tsohuwar da ke ciyar da dutsen, ta tare shi a bakin hayaƙi.

"Baƙo, me ka kawo wa maigida?"

"Iya, wannan ba kayan ɗanɗane ba ne. Barkono ne, yaji gare shi."

Su kuwa ba su taɓa ganin barkono ba. Ta taɓe baki ta ce, "Mun saba ji. Bara ma wani mai zuma cewa ya yi tasa ɗaci gare ta."

Jatau ya ga ba makawa, ya tsakuro da yatsu biyu. "Wallahi, Iya, wannan ya ishe shi."

"Dubi girmansa, marowaci! Kaza za ka ba?"

Kafin ya ankara ta sungumi mangala ta zazzage ta duka a bakin dutse. Jatau ya ɗora hannu a ka. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma tsoro ya fi ɓacin ran.

Can sai dutse ya fara jan numfashi, har ciyayi suka kwanta.

"Iya, hau jaki!"

"Ni da girmana?"

Jatau ya ɗauke ta cak ya ɗora, suka gangaro a guje, suna yi wa mutane kururuwa kowa ya shige kogo.

Sai atishawa! Tsinin ya yi sama, ya tarwatse, ya zubo a gonaki. Dutse ya yi ta zubar da hawaye har suka cika kwarmin kansa, suka kashe wutar cikinsa.

Da ƙura ta lafa, Kaka Nanret ta leƙo ta ce, "Baƙo, ashe gaskiya ka faɗa."

"Gaskiyar ce zan kai kasuwa, Iya?"

Kunya ta kama ta. Ta sa kowane gida ya kawo ƙwaryar acca, aka yi wa jaki lodi, aka raka Jatau har ƙetare.

Shi ya sa har yau hawayen nan ba su ƙafe ba, mutanen Fyam kuma sai da wuta a ɗaki suke kwana don sanyi. In kuwa baƙo ya ce musu "kaɗan ya isa," ba mai yi masa gardama.