Nonon Hansai

Akwai wata mata a unguwar Ambassatna ta Njamena, sunanta Wasila, mai sayar da ɗanwake. Bakinta zuma, abin da ke cikinta kuwa sai Allah.

Gidan haya ɗaya suke da Hansai, mai gwanjo a kasuwar Dembe. Da Wasila ta haifi Sakinatu nononta ya ƙafe, Hansai ce ta haɗa jaririyar da nata ɗan ta shayar da su.

Wata damina a shekarun casa'in, zazzaɓi ya kwantar da yaran unguwa, yawancinsu masu sayen ɗanwaken Wasila. Mata suka fara ƙus-ƙus, wai ko ta abinci ake kama musu kurwa. Wasila ta shiga neman wadda za ta ɗora wa laifin, don ta san wadda aka liƙa wa maita ba ta wankuwa.

Sai ta tafi dubiyar Indo, 'yar Malam Zulkiflu, wadda zafin ciwo ya sa take sambatu.

"Je ki huta, Yaya," ta ce wa uwar. "Ni zan yi mata fifita."

Ta sunkuya a kunnen yarinyar tana maimaita suna ɗaya. Kafin la'asar Indo ba ta kiran kowa sai Hansai.

Aka jawo Hansai, aka ce ta tsallake yarinyar ta sakar mata kurwa.

"Wasila, ke kin san ni," in ji Hansai. "Faɗa musu."

Wasila ta matso hawaye. "Yaya Hansai, in ba ki da komai, tsallaka kawai a huta."

Alhali ta san an yi wa Indo allura a asibiti da safe.

Hansai ta tsallaka. Washegari Indo ta tashi tana neman kunu. Shi ke nan, magana ta tabbata. Da jifa aka raka Hansai da ɗanta, ta haye gadar Ngueli zuwa Kamaru, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Shekaru suka ja, Sakinatu ta girma, wani ɗan kasuwa Fa'iz ya kawo kayan aure. Ana saura mako biki, gwaggonsa ta zo karɓar kayansu.

"Mun fasa. An ce ta sha nonon Hansai, maita kuwa a nono ake tsotsa."

Wasila ta kira Malam Zulkiflu, ta fayyace abin da ta yi tana kuka, wannan karon na gaske.

"Haba Wasila," ya ce, "me uwa ba za ta faɗa ba don 'yarta ta auru? Da idonmu muka gani, ta tsallaka, yarinya ta tashi."

Mutum ɗaya ce ta yarda da ita: Sakinatu, da ke tsaye bayan labule. Tun daga ranar ba ta sake kiranta Inna ba.

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wanda ya wanke kansa da ɓata wani, wata rana nasa ne zai sha ƙazantar. Ku tura wa 'yan uwa, kada a sake jifan marar laifi.