Yadda Kurege Ya Gyara wa Maharbi Saiti

Ga ta nan, ga ta nanku, ku tare ta kafin tuwo ya sauka.

"Ta zo mu ji ta!"

To madalla. Saudatu, janye zanenki daga bakin murhu tukuna, kada ki tsinka mini zuciya. Tatsuniyar yau ta bindiga ce, kuma kun san uwarku: ko tayar babur ce ta fashe a titi, sai an lalubo ni a bayan randa. Ban taɓa riƙe bindiga ba, karatuna kuma bai yi nisa ba. In kun ji na kira wani ƙarfe da sunan da ba nasa ba, ku rufa mini asiri.

Wani maharbi ne wai shi Nomau. Yana da bindigar toka, doguwa, ta gado, yana kuma da gonar gyaɗa a bakin daji. Bindigar nan ƙara gare ta kamar aradu, hayaƙi kamar an cinna wa juji wuta, amma tun da Nomau ya gaje ta ba ta taɓa samun abin da ya auna ba. Kai, ko ni na fi shi, ni da nake jifan kaza da takalmi in sami tulu.

Namun daji duk sun gane shi. Har iyaye kan yi wa 'ya'yansu huɗuba, su ce, "In kun ga Nomau ya ɗaga bindiga, ku ruga ku tsaya daidai inda ya auna. Nan ne tudun mun tsira."

Masu cin gonar nan su biyu ne, Kurege da Biri. Kullum da hantsi sai su hau kunya su zauna kamar gonar ubansu. Nomau ya ɗura, Nomau ya auna, Nomau ya saki: daram! Hayaƙi ya washe, Biri na nan yana ɓare gyaɗa. Wani lokacin ma har ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da aiki, mai gona."

To shi Kurege yana ci yana ƙoshi, har ya kai wata rami ya ɓoye. Amma abin da ya ci ba ya damunsa. Abin da Biri ya ci shi ke hana shi sukuni. Shi yana tono ɗaya ɗaya da 'yan faratansa, Biri kuwa tumɓuke saiwa yake gaba ɗaya. Kurege ya duba, ya haɗiye yawu, ya ce a ransa, "Da bindigar nan na gani, da gonar nan tawa ce ni kaɗai."

Rannan Nomau ya gaji, ya saɓi bindiga ya nufi maƙerar Cindo, babban maƙerin garin. Kurege ya bi shi a baya, ya haye katangar maƙera ya laɓe.

Nomau ya ce, "Cindo, narka ta ka ƙera mini fartanya. Jiya matata ta ce in ba ta ita ta riƙa tuƙa tuwo."

Cindo ya juya bindiga, ya leƙa bakinta, ya ce, "Ni ban ga laifinta ba. Anya ba idonka ba ne?"

Sai suka ji murya daga kan katanga: "Salamu alaikum, manya. Ba idonsa ba ne, ba kuma bindigar ba ce."

Nomau ya ɗaga kai, ya zabura. "Kai! Ɓarawon gyaɗata!"

Kurege ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Sarkin Baka. Ai Biri ne ɓarawo, ni ɗanɗanawa nake. Amma ku saurara. Ku duk ta baya kuka san bindigar nan. Ni ta gaba na san ta, tun ina ɗan jariri ake nuna mini ita. Idonka yana kaina sarai, amma bakinta rawa yake kamar kan ƙadangare. Ido na gabas, baki na kudu, ba wanda ya san inda ɗan'uwansa ya dosa. A dasa mata ɗan ƙarfe a bisa baki, can ƙarshe. In ka ɗora idonka a kan ƙarfen, ka ɗora ƙarfen a kan nama, shi ke nan. Ido, ƙarfe, nama."

Cindo ya sosa gemu, ya ce, "Ido, ƙarfe, nama. Ja'irin nan fa da magana a bakinsa."

Nomau ya ce, "Me kake so a ba ka?"

Kurege ya ce, "Ni? Don Allah nake yi. Sai dai ka fara da Biri. Kunyoyin gefen rafi kuma ka ɗauke kai daga kansu."

Nomau ya ce, "Na ji."

Ku lura fa, "na ji" ya ce, bai ce "na yarda" ba. Ni ma an sha yi mini haka a kasuwa, in dawo gida ina murna.

Kurege ya diro daga katanga, ya haye kan turmin da ke gefen uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan da ake dukan ƙira a kansa, ya harɗe ƙafa, ya zama shi ne malami. Cindo ya hura zuga-zugi, gawayi ya yi ja. Aka kai wani tsohon duma can kan suri aka ajiye don gwaji.

Kurege ya ce, "A yi shi babba, yadda ko makaho zai gani."

Cindo ya ƙera wani dunƙule kamar goro, ya dasa. Nomau ya ɗaga bindiga, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Wa ya ɗauke duman?"

"Yana nan, Sarkin Baka."

"To ni goro kawai nake gani."

Kurege ya yi tari, ya ce, "Da ma gwada ku nake. A yi shi siriri."

Cindo ya cire, ya ƙera wani kamar allura, ya dasa. Nomau ya runtse ido, ya buɗe, ya sake runtsewa, ya ce, "Yanzu ga duma, amma wa ya ɗauke ƙarfen?"

Ban ga laifinsa ba. Ni yau shekara nawa sai na bi ku ɗaki ɗaki kafin a sa mini zare a allura.

Kurege ya ce, "To a raba gardama. Kada ya kai goro, kada ya zama allura. A yi masa kai kamar ƙwayar dawa. Kuma da tagulla za a yi, don kada tsatsa ta cinye shi da damina."

Cindo ya lalubo guntun wani karyayyen warwaro na tagulla, ya sa a wuta, ya buga, ya murɗa, ya dasa. Ya fito baƙi ƙirin saboda hayaƙin gawayi. Nomau ya ɗura, Nomau ya auna, Nomau ya saki: daram! Hayaƙi ya washe, duma na nan, amma ƙasar gaban suri ta tone.

Kurege ya yi tsalle. "Kun gani? Ta fara jin magana! Da can gefe take ci, yanzu ƙasa ta ci. Wuyan ƙarfen ne ya yi tsawo. Garin Sarkin Baka ya sauko da shi kan duma sai ya duƙar da bakin bindiga. Cindo, sa magagari ka rage masa wuya."

Cindo ya goga, aka gwada. Ya ƙara gogawa, aka ƙara gwadawa. Kurege sai kumbura yake, yana zagaya maƙera da wutsiya a sama, yana cewa kaɗan, ƙara kaɗan, tsaya haka.

Nomau ya ɗura, Nomau ya auna, ya ce a hankali, "Ido, ƙarfe, duma." Ya saki: daram! Hayaƙi ya washe. Babu duma. Ko sakaina ba a tsinta ba.

Nomau ya dubi bindiga, hawaye ya zubo masa. Kurege kuwa ya shiga rawa yana waƙa, "Biri ya shiga uku, gyaɗa ta zama tawa!"

Nomau ya share ido, ya ce, "Cindo."

"Na'am."

"Duma fa ƙato ne. Kuma duma bai taɓa cin gyaɗata ba."

"Gaskiya ne."

"Da za a sami wani abu ɗan ƙarami, mai rai, a gwada."

Su biyun suka juyo a hankali suka dubi mai rawa. Kafin Kurege ya ce wayyo, Cindo ya cafke masa wutsiya da awartaki, dogon nan da yake ɗauko jan ƙarfe da shi.

Nafi'u, daina dariya, ni gabana faɗuwa yake, ko da yake na san ƙarshenta.

Kurege ya ce, "Sarkin Baka, alkawari fa! Da Biri za ka fara!"

Nomau ya ce, "Na ce maka na ji. Ai har yanzu ina ji."

Kurege ya dubi ɗan ƙarfen nan baƙi da ke bakin bindiga, mai kai kamar ƙwayar dawa, wanda da bakinsa ya ce a rage masa wuya. Ya ce a ransa, "Kurege, wa ya aike ka?" Ya duba sama, ya ga la'asar ta yi, rana ta karkata yamma tana huda ido. Sai ya saki jiki, ya yi kalar tausayi.

Ya ce, "Shi ke nan, kwana ya ƙare. Amma ko a gidan mahauta ana ba rago ruwa. Ina roƙon abu biyu."

"Faɗi."

"Na farko, aikin nan da shi za a riƙa tunawa da ni, da kai kuma Cindo. A ce tagulla ce, amma baƙa kamar gindin tukunya? Gobe maharba su taru su ce wane maƙeri ne ya yi wannan ƙazanta? A goge shi da tsamiya da toka, yadda mata ke wanke warwaro."

Maganar ta soki Cindo. Ya ce, "Nan ya yi gaskiya. Aikina ba ya fita da dauɗa." Aka kawo tsamiya, aka kawo toka, Nomau ya zauna ya dirje ɗan ƙarfen nan har ya koma walƙiya kamar haƙorin Makka.

"Na biyu fa?"

"Na biyu, a fuskantar da ni gabas, yadda ake yi wa kowace dabba in za a yanka. In ba haka ba mushe za ka kai wa iyalinka. Kuma ta gaba za ka harbe ni. Ba na so 'ya'yana su ji an ce ta baya aka sami ubansu."

Nomau ya ce, "Kai, ashe ɗan banzan nan ya san addini."

To ku lissafa da ni, don ni sai da na yi ta juya hannu kafin na gane. Kurege na duban gabas. Nomau na gabansa yana dubansa. Ke nan Nomau ina ya fuskanta?

"Yamma!"

Yamma, inda rana take. Allah ya yi muku albarka, ba ku gado kaina ba.

Aka je gindin suri. Nomau ya ce, "Cindo, ɗaure shi ka matsa gefe."

Cindo ya ce, "In matsa? Bindigar da na gyara da hannuna? Riƙe shi zan yi da awartaki, ko gezau. Harba abinka."

Nomau ya ɗura, Nomau ya auna. Ya ce, "Ido." Rana ta faɗo kan tagullar nan, ta yi wal, ta watsu a idonsa. Ya ce, "Ƙarfe." Ƙarfen ya zama uku, kowanne na ƙyalli. Ya nemi nama, sai hawaye. Amma girman kai ya hana shi sauke bindiga a gaban maƙeri. Ya zaɓi ƙarfe ɗaya cikin ukun, ya saki: daram!

Hayaƙi ya washe. Hular Cindo na can saman ƙaya tana lilo. Awartaki na ƙasa. Cindo kansa ya kusa kai bakin kasuwa, yana gudu yana salati. Su kuwa 'yan guntayen ƙarfen da aka ɗura, biyu daga ciki sun bi ta gefen Kurege, ɗaya dama ɗaya hagu, sun ƙone masa gashi tun daga kafaɗa har cinya. Bindigar toka kuwa kafin a sake ɗura ta an sha fura an ƙoshi. Kurege ya faɗa ramin suri, ya ɓace.

Ya tsira da rai. Amma ƙarfen na nan a bakin bindiga. Da Cindo ya dawo neman hularsa, ya yi wa Nomau tatas, sannan ya kama bindiga ya kanga ɗan ƙarfen a hayaƙi har ya koma baƙinsa na da. Ya ce, "Daga yau wanda ya sake goge shi, ni da shi."

Washegari da hantsi Biri ya hau kunya. Ya ga Nomau ya ɗaga bindiga, ya gyara zama daidai inda aka auna, yadda uwarsa ta koya masa. Allah ya taimake shi ya sunkuya ɗaukar gyaɗa. Daram! Rabin kunnensa ya tafi.

Biri ya iske Kurege a bakin rami, ga zane fari a kowane gefe inda gashi ya ƙone. Ya ce, "Malam Kurege, na ji an ce wani mai ilmi ne ya koya wa bindigar Nomau gani. Ko ka san shi?"

Kurege ya ce, "Wallahi mutanen yanzu ba su da tsoron Allah."

Daga ranar ba Biri, ba Kurege a gonar nan. Gyaɗa ta yi kyau, Nomau ya cika rumbu. Shi ya sa har gobe in kun ga kurege za ku ga farin zane a haƙarƙarinsa, kuma ba ya taku uku sai ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu ya waiga. Aikin hannunsa yake dubawa, ko yana biye da shi.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In ƙarya ce, a bakin Cindo na tsinta, ku je ku tambaye shi in ya daina gudu.

Abin da za ku riƙe shi ne, in Allah ya haɗa ku da maharbin da ba ya samu, ku gaishe shi da ladabi, ku yi masa addu'ar tsawon rai, ku bar masa bindigarsa yadda kuka gan ta. Ni da nake gaya muku, ni ce na hana babanku sakat sai da ya je aka yanka masa tabarau. Ga shi yanzu daga bakin ƙofa yake hango gudajin tuwona.

Wayyo, tuwo! Saudatu, miƙo muciya, kun bar ni ina ta zuba har ya kama.