Motar da Ba Ta Rawa Sai an Taka Birki

Akwai wani mutum, manomi ne, gidansa yana cikin wani ƙauye a bisa tudu. Yana noman masara da dankali da citta kaɗan. Ubangiji kuwa ya sa albarka a aikin hannunsa, har ya sayi tsohuwar mota akori-kura. Mutumin nan yana ƙaunar motarsa ƙwarai, ba ya barin laka ta kwana a jikinta. Mutanen ƙauyen sukan ce ko rigarsa ta Lahadi ba ta kai motarsa tsabta ba.

Hanya ɗaya ce take sauka daga ƙauyen zuwa kwari, inda kasuwa take da babbar majami'a. Gangara ce mai tsawo, mai kwana-kwana, ga rami mai zurfi a gefen hagu. A gindin gangarar akwai rafi mai ruwan sanyi da yake fitowa daga duwatsu, ta cikinsa motoci suke bi su haye.

Ana nan sai motar ta soma wani hali. A miƙaƙƙiyar hanya takan tafi sumul. Amma da zarar mutumin ya taka birki, sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa, gaban motar yana karkarwa, birkin kuma yana bugun tafin ƙafarsa. In ya ɗaga ƙafa, sai ta natsu kamar ba ita ba.

Mutumin ya ce a ransa laifin taya ne. Ya tafi wurin mai faci aka duba iska, daga baya ya sa tayoyin gaba sababbi. Rawar ba ta daina ba. Ya ƙara ɗaure notuna, ba ta daina ba. Wani maƙwabcinsa ya ce masa ai hanyar ce ta lalace, babu motar da ba ta jijjiga a kanta. Wannan magana ta yi masa daɗi, gama ba ta nemi kome daga gare shi ba.

Wata ranar kasuwa ya ɗauki mahaifiyarsa, tsohuwa ce, tana riƙe da ƙwaryar ƙwai a cinya. A kwana ta uku sai ga akuya ta tsallako hanya. Ya taka birki da ƙarfi, sitiyarin ya kusa ƙwacewa daga hannunsa, motar ta karkata wajen ramin, ba ta tsaya ba sai daf da baki. Akuyar ta wuce abinta. Ƙwan kuwa duka sun fashe a zanen tsohuwar.

Lokacin saura mako biyu a yi bikin godiya na kaka a babbar majami'a. Dattawan ikilisiya sun riga sun roƙi mutumin ya sauko da tsofaffin mata a motarsa ranar, tare da baikon da jama'a suka tara na amfanin gona, shi kuma ya amsa da murna. Mahaifiyarsa ta goge zanenta, ta dube shi, ta ce, “Ɗana, haƙora uku suka rage mini, ina so in isa gaban Ubangiji da su. In motarka ba ta warke daga wannan masassara ba, ni da ƙawayena da ƙafa za mu sauka.”

Maganar ta shige shi, domin ya san tsofaffin nan ba za su iya saukar gangarar da ƙafa ba. Ya kuma san in ya ɗauke su a haka, rayukansu ne zai sa a bakin ramin.

Kashegari ya tafi wurin Baba Irmiya, wani tsohon bakanike da yake aiki a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bayan kasuwa. Baba Irmiya ya saurare shi har ya gama. Ya tambaye shi ko tana rawa in tana gudu, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko tana yi a kan gargada, ya ce ba fiye da kowace mota ba. Sai in an taka birki kawai. Mutumin yana jira tsohon ya shiga ƙarƙashin motar, amma ko sifana bai ɗauka ba. Tsohon ya buɗe ƙofar motar ya zauna, ya ce masa su hau ƙauye, ya yi lodi kamar yadda ya saba, su sauko tare.

Haka suka yi. Da suka kama gangara da buhunan masara a baya, mutumin ya cire giya, ya saki motar a firi don kada ta sha mai, ya ɗora ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa, bai ɗaga ba. Kafin su kai gindi, ƙaurin ƙonewa ya cika motar. Da suka iso rafi, mutumin ya tsaya a bakin ruwa kamar yadda ya saba, ya ciro bokiti, ya ɗebi ruwa ya watsa wa tayar gaba. Ƙarfen ya yi ƙara, tururi ya tashi. Ya zaga ɗaya gefen ya yi haka.

Tsohon ya leƙo ta taga, ya ce, “Kullum haka kake yi?”

Ya ce, “Kullum, Baba. Ba na so in shiga gari da mota mai datti.”

Da suka koma gindin mangwaro, Baba Irmiya ya sa jak ya ɗaga gaban motar. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ba ta motsa ba. Ya kama ta dama da hagu, nan ma shiru. Ya ce boris ɗin da taya take juyawa a kansa lafiya lau yake, sandunan sitiyari ma babu abin da ya saki. Sa'an nan ya kwance tayar, ya nuna wa mutumin faifan ƙarfen da yake bayanta, wanda birki yake matsewa don mota ta tsaya. Ga ido faifan daidai yake, sai dai launinsa ya yi duhu. Tsohon ya ɗora hannunsa a kan kututture don kada ya motsa, ya kai bakin alli kusa da fuskar faifan, ya ce wa mutumin ya juya faifan a hankali. Allin ya taɓa wuri guda ya bar fari, ya tsallake wani, ya sake taɓawa.

Baba Irmiya ya bayyana masa cewa ƙarfen da aka matse tun daga saman tudu yakan yi zafi kamar na maƙera, in kuwa aka watsa masa ruwan sanyi a wannan hali, sai ya tanƙware kaɗan, yau kaɗan gobe kaɗan. Muddin mota tana tafiya, faifan yana juyawa shi kaɗai, babu mai sani. Sai birki ya kama shi, sa'an nan karkatar takan bi ta cikin ƙarfe ta iso hannun direba.

Kunya ta kama mutumin. Ya ce shi a zatonsa kula da ita yake yi. Tsohon ya yi dariya, ya ce, “Ka kula da ita mana. Irin wannan kulawa, da ni ne aka yi wa, da tuni na gudu daga gidan.”

Aka sa faifai sababbi a gefe biyun. Amma Baba Irmiya bai sallame shi ba sai da ya gaya masa cewa sababbin ma za su tanƙware in hali bai sake ba. Ya koya masa ya sa giya lamba biyu tun kafin ya soma gangara, inji ya riƙe motar, birki kuwa a taka a saki. Wanka kuma a gida, bayan ƙarfe ya huce.

Ranar bikin godiya da safe aka loda masara da dankali da kabewa, tsofaffin mata suka zauna a kan buhuna suna raira waƙa. Mahaifiyarsa ta zauna a gaba da wata ƙwaryar ƙwai, baikonta ke nan. Motar ta sauko a hankali tana gurnani, har wani mai babur ya wuce su yana tambaya ko mai ne ya ƙare. A kwana ta uku mutumin ya taka birki, sitiyarin kuwa bai motsa ba. Suka haye rafin ba tare da tsayawa ba, laka ta fantsama a jikin motar, ya ƙyale ta. A ƙofar majami'a tsohuwar ta buɗe ƙwaryarta ta duba, ta ce, “Babu wanda ya fashe. Haƙoran ma suna nan.”

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: motar nan rayuwar kowannenmu ce, faifan da yake ɓoye a bayan taya kuwa zuciya ce. Sa'ad da abubuwa suke tafiya yadda muke so, dukanmu masu kirki ne. Halinmu na gaske yakan fito ne ranar da aka ce mana, “Tsaya.” Ranar da mahaifi ya hana, ko dattijo ya tsawata, ko muka yi addu'a Ubangiji ya ce tukuna. In a wannan rana muryarka tana rawa don fushi, kada ka ce birki ne ya kawo ciwon. Ciwon yana nan tun dā, birkin nuna shi ya yi.

Mu ma mukan sake taya. Mukan sake abokai, wani har ikilisiya yakan sake, muna cewa hanyar ce ba ta da kyau. Da yawa kuma mukan yi mako guda muna gangarawa a firi, ba addu'a, ba Maganar Allah, zuciya tana zafi da ƙyashi da gunaguni, sa'an nan ranar Lahadi mu watsa mata ruwa daga waje don mu shiga cikin jama'a da tsabta. Wannan wankan ba ya warkarwa, tanƙwara zuciya yake yi.

Mutumin bai sami taimako ba sai da ya yarda wani ya zauna kusa da shi ya ga yadda yake tuƙi. Ka bar Ubangiji Yesu ya shiga ya zauna, ka bar dattijo mai tsoron Allah ya ga makonka, ba Lahadinka kaɗai ba. Zai yiwu ka ji kunya, kamar yadda mutumin ya ji. Amma ka tuna ba kai kaɗai ne a motar ba. Akwai waɗanda suke zaune a bayanka suna waƙa, sun amince za ka kai su. Saboda su, sa lamba biyu tun kana saman tudu.